Rasuwar Opal, Bindigar da Harsashin Suruki Ya Kashe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fushin da ba ni da niyyar ɓoyewa, ni Ardis Tollefson, mai gonar tumaki a gindin duwatsun yamma da garin Choteau, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar Opal, bindigata ta hannu mai cin harsashi shida. Ta rasu ranar Lahadi bayan an taso daga coci, tana da shekara arba'in da ɗaya, a bayan rumfar ciyawa, a cikin hannuna na dama.

Marigayiyar ba mai yawan magana ba ce. Idan na ɗana ta takan ce ƙyas-ƙyas, a hankali kamar mai neman izini. Idan kuwa ta ce ɗam, to magana ta ƙare. Ta kakkaɓe gwangwanaye daga kan shinge ba adadi, ta cika mana firiza da naman barewa kaka goma sha tara. Sau biyu tana yi wa beyar, ƙaton naman dajin nan mai cin tumaki, magana a ƙofar garke lokacin haihuwar tumaki, kuma duka biyun ya fahimta. Tun da mijina Orval ya rasu, ita ce amsata duk sanda 'yata Carlene ta ce, "Mama, tsohuwa ita kaɗai a dajin nan? Ki sayar da gonar ki dawo gari mana." Sai in ce wa ya gaya mata ni kaɗai ce.

Ba ciwo ya kashe ta ba, Dwayne Pruitt ne, mijin Carlene. Bara ya sayi injin ɗura harsashi ya girke a garejinsa, daga ranar ya zama masani. Ranar zagayowar haihuwata ya miƙo min kwali, yana washe baki.

"Ga harsashin beyar na gaskiya, Ardis. Da hannuna na auna albarushin. Naki na kanti ai na harbin kurege ne."

Kowa a yankin nan ya san ƙa'ida: ba a harba harsashin da wani ya ɗura, ko da ubanka ne. Na sani, Orval ya sani, har karena ya sani. Amma Carlene ta ja ni kicin ta ce, "Haba Mama, ko ɗaya ki gwada, ki faranta masa rai." Na gwada ɗaya. Wannan laifin nawa ne, kuma yana cina har yanzu.

Kalmarta ta ƙarshe ba da muryarta ta yi ta ba. Gidan harsashin ya tsage gida uku, ƙarfen samanta ya yi tsalle, har yau ba mu tsince shi ba. Ta tafi da rabin babban yatsana.

A asibiti, ɗinkin ko bushewa bai yi ba, Dwayne ya ce, "Ai dama ƙarfen ya gaji. Tsufa kenan, ba a ja da shi." Yana faɗa yana kallona, ga takardar wani gidan tsofaffi na birnin Great Falls tana leƙowa daga aljihunsa. Ban taɓa tsanar mutum kamar ranar ba.

Ta rasu ta bar kuben fata ɗaya, da kwalbar mai, da tumaki ɗari biyu da za su fara haihuwa nan da mako uku, da ni. Akwai kuma harsasai arba'in da tara a kwali, sai ubansu Dwayne ya zo ya kwashe 'ya'yansa.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe biyu na rana, a tudun bayan garke. Akwai kofi. Kada a kawo furanni, kada kuma a kawo shawara. Dwayne ne zai yi haƙa, tunda ƙasa ta daskare da sanyi kuma shi yatsunsa cikakku ne. Rami biyu zai auna gefe da gefe, na biyun daidai tsawona, lauya ya riga ya sa shi a wasiyyata. Duk mai ɗokin sayar da gonar nan, sai ya gaya wa mai saye cewa mu biyu muna ciki.