Na'urar Magagi Mai Korar Awaki

"Ni da na sha iskar Yamai, akuya ce za ta gagare ni?" Haka Magagi ya faɗa yana bugun ƙirji a tsakar gidan innarsa Lailatu a Filinge. Abokina, ka san shi kuwa? Ɗan sitaj, wato koyon aiki, ya yi a wani shagon ordinatar, kwamfuta ke nan, ya dawo ba ya amsa kira sai an ce Injiniya.

Inna ta shanya wakenta, awakin unguwa sun hana ta sakat. Gogan ya fito da wata 'yar kwamfuta kamar tafin hannu, ya jona mata lasifika da wani ɗan ido mai jin motsi. Dabarar kam ni kaina ta burge ni: abu ya gitta, ido ya gani, lasifika ta daka tsawa da muryar da ya naɗa. Don a shaida bajinta, har ya gayyato Malam Kailu, mahaifin Nasiba da yake nema da aure.

Sai dai sunansa ya bi shi. Inda zai rubuta ɗaya a cikin umarnin, sifiri ya dangwala. Na'urar ta koma shiru in ana motsi, ihu in an natsu.

Malam Kailu ya zauna bisa tabarma. Magagi ya durƙusa, ya sadda kai, kowa ya yi tsit. Sai lasifika:

"Kai, tsohon bunsuru! Tashi ka ba mu wuri!"

"Da wa aka?" in ji Malam Kailu, yana shafa gemu.

Magagi ya zabura, abu ya yi shiru. Ya koma durƙuso.

"Mai gemun banza! Ɓarawon wake!"

"Kashe abin ga, ɗan nema!" Inna ta ce.

"Inna, in an cire mata kuran, wutar lantarki, kwatsam, katin da ke cikinta lalacewa shikai!"

To, mafita ɗaya ce: kada ya daina motsi. Ka ga Injiniya yana tsalle, yana kaɗa hannuwa, yana karkaɗa ƙugu. "Ina gajiya, Baba? Ina gida?" Zufa sharkaf. Da numfashi ya ƙare ya zube ƙasa warwas, amma na'ura ba ta ce uffan ba.

"Kun gani? Na gyara ta!"

Aka waiga. Awaki ne dam a kan shanya, suna ta wawurar wake, motsinsu ya rufe wa na'urar baki.

Malam Kailu ya miƙe, ya kakkaɓe riga.

"Gyara kam an yi, amma injiniyoyin ga su can da ƙaho. Kai kuwa yaro, ran bikin Nasiba za mu aiko maka. Muna bukatar ɗan rawa."