Benci Arba'in da Bakwai, Usur Ɗaya

"Lafiya ƙalau, ranki ya daɗe. Ya gajiyar mulki?"

"Gajiya ta bi lafiya, Ɗan Kawu. Kai ya gajiyar ɓuya?"

Reza mai aski bai ko juyo ba. Madubin shagonsa yake gogewa, madubin da ya goge sau huɗu tun safe, kuma ta cikinsa yake kallon wadda ta tokare masa ƙofa: Tela, 'yar gwaggonsa, taubashiyarsa tun suna rarrafe. Muryarta ta dushe kamar ta haɗiyi yashi kwano guda, amma ba wannan ne ya tsone masa ido ba. Abin da ke rataye a wuyanta ne. Usur.

Shekara tara ke nan garin yana rufe babban titi rana ɗaya a shekara, a ɗaura tutoci, a jera tukwane, a yi kiɗa da tsere, kowa ya kawo ƙarfinsa ba a biyan kowa. Duk shekarun nan Reza ne ke bi gida-gida aron benci, ya ɗauko a ka, ya mayar a ka. In ta bakinsa za ka ji, bencin ne suka danne masa tsawo, da yanzu sai ya sunkuya zai shiga shago. Bana ma ranar Laraba ya tara su a filin makaranta. Ranar Alhamis kwamiti ya zauna don zaɓen wanda zai riƙe usur ya jagoranci masu aikin sa kai. Reza har da goge riga. Sai aka miƙa wa Tela, wadda ko shekara biyu ba ta yi da fara ɗinka tutocin bikin ba. Daga ranar ya shige shago, ya rufe taga, ya ƙure rediyo, don kada kunnensa ya ji an busa abin da ya san nasa ne. Jiya aka yi biki aka tashi.

"Wace ɓuya?" in ji shi. "Aiki ne ya yi min yawa. Jiya kai ɗari uku na aske."

"Duk garin nan kai nawa ne?"

"Wasu sau biyu suka zo."

"Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Na wuto na leƙa ta ramin taga, kai kaɗai kana yi wa tsintsiya saisaye."

"Au, har shugabanni na leƙen talakawa? To me ya kawo mai girma shagon kura? Ai kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi."

"Hassada ga mai rabo taki ce."

"Wa zai yi hassadar wannan abin? Dubi yadda kika mayar da shi. Usur ɗin da na sani fari sol yana walƙiya, yau ya koma shuɗi kamar an tsamo shi a bokitin wanki."

"Kalar bikin bana ce. Komai shuɗi. Da ka fito da ka ga tsari."

"Na ji labari. An ce kin sa an share titi sau uku har kwalta ta fara kuka."

"An ce kai kuma da ka ji an tafa min, reza ta kufce maka ka cire wa direban motar makaranta rabin gira."

"Shi ya motsa!"

Tela ta shigo ta zauna a kujerar aski ba tare da an ce ta zauna ba. Ta juya dama, ta juya hagu, ta gyara ɗankwali, ta taɓa kwalbar turare ta ajiye. Reza ya san wannan juye-juyen. Haka take yi tun tana yarinya in ta fasa wani abu a ɗakin Gwaggo. Zuciyarsa ta fara wani sanyi mai daɗi.

"Ɗan Kawu."

"Yanzu kuma da taushi? Ina 'Kan Tulu' da kika saba?"

"Wai bencin nan... kai da kake mayar da su, ta yaya kake gane na kowa?"

"Wannan ai ko jariri ya sani. Ki kifa benci. Kowane gida da alamarsa a ƙasa. Wannan gawayi, wancan jan farce, wani alli, wani ya zana kaza."

"To idan, a misali, babu alamar fa?"

Reza ya ajiye tsumma a hankali.

"'Yar Gwaggo. Me kika yi wa bencina?"

"Fenti kawai aka ɗan shafa."

"A sama."

"A sama. Da gefe. Mutanen ne suka ji daɗin aiki, ga fenti ya ragu, sai mai walda ya ce aikin da za a yi a yi shi da kyau..."

"Kuka kifa su."

"Muka kifa su."

"Duka arba'in da bakwai?"

"Har da na makaranta guda uku da muka tarar a wurin."

Dariyar da Reza ya yi sai da mai shayi na tsallaken titi ya zubar da rabin kofi. Ya riƙe ciki, ya riƙe bango, ya zauna a ƙasa, ya tashi.

"Garin gyaran gira an rasa ido! Wayyo Allah, abin nema ya samu, matar ɗan sanda ta haifi ɓarawo!"

"Ka gama?"

"Ban fara ba. Bari in rufe shago in yi ta da kyau."

"Mata sun fi talatin a filin makaranta yanzu haka. Kowa ta ce mafi tsawo shi ne nata. Matar mai wanki da matar mai faci sun kama benci ɗaya, wannan na ja wannan na ja. Sun rantse in aka ba su na wani, baɗi ko kujerar tsuguno ba za su ba da aro ba." Muryar ta ƙara dushewa. "Kuma Kaka ta ƙarshen layi tana zaune a ƙasa. Ta ce nata marigayi mijinta ne ya haɗa shi da hannunsa, ba za ta tashi ba sai da shi."

Nan dariyar ta ɗan rage gudu. Reza ya san bencin nan. Kowace shekara sai Kaka ta raka shi har bakin ƙofa tana cewa ya bi da shi a hankali. Amma ya ɗaure fuska, don ba kullum ake samun taubashiya a tafin hannu ba.

"To ki busa musu usur mana. Ko bencin ba sa jin umarni?"

"Ɗan Kawu, don Allah."

"Ban ji ba. Rediyo ya kashe min kunne."

"Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Na durƙusa."

"Wa ne wadan?"

"Wanda benci ya danne wa tsawo, kai ka faɗa."

"Da sharaɗi. In na raba su, usur ya dawo gidansa."

"Ka raba tukuna. Kada mu je ka tsaya kana sosa ƙeya."

Suka fita, shi a gaba yana tafiyar ƙasaita, ita a baya tana cewa ya ɗaga ƙafa. Igiyoyin tutoci na nan a saman titi, masu shara na tattara kofunan roba, wasu maza biyu na sauke rumfa suna gardamar wanda ya ɗaure ta da ƙullin da ba ya kwancewa. A filin makaranta kuwa ga benci hamsin a jere, shuɗi shar, kamar uwa ɗaya ta haife su rana ɗaya. Hayaniyar mata ta tsaya cak da aka hango Reza.

Ya naɗe hannun riga. Ya zauna a kan na farko, ya girgiza. Benci ya yi ƙwas-ƙwas.

"Na mai shayi. Ƙafar hagu ta gaza da yatsa biyu, kwali yake cusa mata."

Ya shafa na biyu da tafin hannu, ya tsaya a tsakiya.

"Matar mai wanki, saki wancan, ga naki. Ga ramin da dutsen guga ya ƙona. Fenti ya rufe launi, bai cike rami ba."

"Sa'a ce," in ji Tela.

"Sa'a? Wancan na uku ko taɓa shi ba zan yi ba. Na gidan mai faci ne. Akwai ƙusa a gefensa, wandona huɗu ta ci, kuma ke kika ɗinke su, kika mayar min da ɗaya siket."

"Ƙafafunka ne ba su kai a raba musu ɗaki ba."

Haka ya bi su. Wani ya ɗaga ya ji nauyinsa a wuya ya ce na mahauci, wani ya sunkuya ya shinshina ya ce ko an yi masa fenti bakwai warin kananzir ba zai bar shi ba, na mai shago ne. Na makaranta kuwa ya shafa gefensu ya ji cingam ya daskare a ƙarƙashin fenti, ya ture su gefe. Mata suna ɗauka suna shewa. Matar mai faci ta ce wannan ba mutum ba ne, rajista ce mai ƙafa biyu.

Da ya zo kan wani ɗan guntu mai kauri, bai zauna ba. Ya zagaya shi, ya bi kusurwoyinsa da yatsa.

"Kaka, ga naki. Duk garin nan shi kaɗai ne ba ƙusa ko ɗaya a jikinsa. Itace aka sassaƙa ya shiga cikin itace."

Tsohuwa ta miƙe da ƙyar, ta dafa bencin, ta shafa shi kamar tana shafa kan jika. Ta ce shuɗin ma ya yi masa kyau, marigayi ya so ya yi masa fenti bai samu ba. Tela ta juya baya tana goge ido da bakin ɗankwali.

"Kuka kike, Shugaba?"

"Warin fenti ne."

"Fentin kwana uku?"

"Rufe min baki, Kan Tulu. Ungo."

Ta cire igiyar daga wuyanta ta rataya masa a gaban kowa. Reza ya gyara tsayuwa, ya ɗaga haɓa, har wani ɗan tsawo ya dawo masa. Shekara tara! Ya ja numfashin da ya kusa ƙarar da iskar filin, ya kumbura kumatu, ya busa.

Fuuu.

Ya girgiza shi, ya sake busawa har jijiyar wuya ta fito. Fuuu. Ko kazar da ke kiwo a gefensa ba ta ɗago ba.

"Me kika yi masa?"

"Ranar Alhamis ya faɗa cikin bokitin fenti. Ƙwallon cikinsa ya manne."

"Tun Alhamis? To jiya da me kika tafiyar da mutum tamanin?"

Ta nuna maƙogwaronta.

Reza ya dubi usur, ya dube ta. Kwana uku ya yi a shago cikin zafi, taga a rufe, rediyo na fasa masa kai, yana gudun ƙarar abin da ko numfashi ba ya yi. Dariya ta ƙwace masa, irin wadda ba a iya riƙewa.

"Kin ci, 'Yar Gwaggo. Wallahi kin ci. Muryar da ke firgita masu bin ɗinki, ashe tana da ranarta." Ya ɗaga hannu ya ƙwala wa mai shayi, da ya zo ɗaukar bencinsa, kira: "Haɗa wa Shugaba shayi mai zafi, da zuma da lemun tsami, kafin ta koma yi mana magana da hannu!"

"Usur ɗin fa? In karɓi abina?"

"Taɓa ki gani. Ko bebe ne nawa ne." Ya cusa shi cikin riga, ya kama gefe ɗaya na bencin Kaka. "Kama can. A hankali, ba keken ɗinki ba ne."

"Sai dai ka ɗaga naka gefen sama," in ji Tela, tana sunkuyawa. "In ba haka ba gangara za mu yi har gida."