Albarkar da ta makarar da ni

Ranar da jami'a ta kira ni intabiyu na aikin bincike, a raina na riga na samu. Shekara da shekaru ina koyarwa a sakandare ina jiran wannan rana. Ƙanena ya ce zai kai ni a mashin, na ƙi. Na zuba babbar riga, na ce da ƙafa zan taka daga unguwarmu Kwarbai zuwa Ƙofar Doka, bakin gari, in kwashi albarkar manya, su ma su gan ni.

Na manta cewa ɗan birni ba ya wuce zaure. Kowanne sai na tuɓe takalmi na durƙusa. Liman ya riƙe hannuna yana addu'a har ƙafata ta sage. Gwaggona ta rantse ba zan fita ban sha fura ba.

Da na isa jami'ar, masinja yana kulle ɗakin intabiyun. Ya dubi rigata ya ce, "Alhaji, ai sun tashi tuntuni."

Har yau ina sakandaren, furfura ta tarar da ni da alli a hannu. In na zo wucewa, Liman kan ɗago kai ya ce, "Farfesa, sauri kake, ko mu ƙarasa addu'ar?"