Riga Mai Cizo

"Lafiya lau, tsohuwa. Ashe har yau ƙasa ba ta karɓe ki ba?"

"Sai na ga furfurarki tukuna, ja'ira. Ina mutumin nawa?"

Kakata Borghild ke nan, a ɗakin girkinta a garin Narvik. Ɗana Eskil, mai shekara huɗu, tuni ya shige ƙarƙashin tebur. Lahadin da ta wuce ta zura masa rigar sanyi ta ulu da ta yi wata biyu tana saƙawa, ya yi ta ihu yana buga kai a ƙasa har ya yi amai. Da ƙyar ya yarda ya shigo yau, ni kuma na ƙudura in ta sake, shi da gidan nan har abada.

"Ga shi can, yana gudun rigarki mai cizo."

"Riga ce ke cizo? Ni da na saƙa wa rabin masuntan garin nan? Kun dai sangarta shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi."

"Shi ya sa ke kika tanƙware haka? Kaka, ba taurin kai ba ne. Likita ta ce fatarsa na jin ulu kamar ƙaya. In abin ya taso, a rage haske, a yi shiru, a bar shi ya huce."

"A yi shiru? Ke? Da wannan baki naki kamar rediyo?"

"Gado na yi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe."

Ta yi dariya, sai dariyar ta yanke. Ta daɗe tana leƙen ƙarƙashin tebur.

"Haka Sverre yake zama," ta ce. Sverre mahaifina ne, shekara shida rabonsa da gidan. "Shi ma cewa yake tana cizo. In danne hannuwansa in sa masa, in ya yi ihu in kulle shi a ɗakin itace har ya yi shiru. Wai ni na yi nasara."

Tausayinta ya kama ni.

"Ba ki sani ba, Kaka."

"Ban dai tambaya ba." Ta tashi ta kashe babbar fitila, ta miƙo min rigar. "Ungo, karenku ya kwanta a kai. Yau kin ci ni, mai bakin tsiya."

Sannan ta sassauta murya.

"Ara min wayarki in kira Sverre. In ya ga lambata ba ya ɗauka."