Tunau a Sansanin Dutsen Kurciya

A ƙauyen Ƙwarin Maɗaci akwai wani gida da ake kira gidan Inna Yelwa. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ya bar mata 'ya'ya uku, duka maza. Babban shi ne Lawwali, mai sayar da hatsi a birni. Mai bi masa Tukur, malamin firamare. Autan kuwa Tunau, wanda aka haifa bayan kowa ya fid da rai da sake haihuwarta. Tunau ya yi gemu, ya yi aure, ga ƙarfi, ga kirki, ba ya ƙin aike. Abu ɗaya ne kawai: yadda magana ta fito daga bakinka, haka zai ɗauke ta ya yi aiki da ita. Matarsa Azumi ta riga ta saba. Kafin ta aike shi sai ta juya maganar a ranta, ta duba ko tana da wata ƙofar da zai ɓulle.

Amma ba Tunau ne damuwar gidan ba. Lawwali da Tukur ne, da suka yi rigima a kan wata ɗorawa da ke iyakar gonakinsu, har gaisuwa ta yanke a tsakaninsu. Abin ya ci Inna Yelwa har jininta ya hau, likita ya ce a kai ta wani wuri ta huta. Da sanyi ya kankama, makarantu suka yi hutun ƙarshen shekara, sai Lawwali ya ɗauko shatar mota, ya ce zai kai ta Sansanin Dutsen Kurciya, inda mutanen birni ke zuwa su kafa tanti a bakin tafki su yi 'yan kwanaki. Inna ta ce ƙafarta ba ta taka motar sai da 'ya'yanta duka uku. Haka aka tafi har da Azumi, Lawwali a gaba, Tukur a can baya, kowa yana kallon tagarsa.

A hanya Tunau ya tambayi direba abin da ake yi a can. Direba ya ce masa yawon buɗe ido ne. Tun daga nan Tunau ya ware idanunsa, ya ƙi ƙiftawa. Kafin a isa sun yi jajur, hawaye na bin gemunsa. Mai kula da sansanin, wani dattijo da ake kira Malam Jatau, ya fito tarbarsu, ya ga ƙato yana zubar da hawaye, ga wasu maza biyu sun ɗaure fuska, ga tsohuwa ta yi tagumi. Sai ya cire hula ya fara yi musu ta'aziyya. Da ƙyar Azumi ta fahimtar da shi cewa ba wanda ya mutu. Ta ja mijinta gefe ta ce masa buɗe idon nan karɓa-karɓa ake yi, ya huta haka nan, ita za ta karɓe shi. Tunau ya ƙifta, ya yi ajiyar zuciya, ya gode mata ƙwarai.

Aka shiga kafa tanti. An ba Tunau sandar tsakiya ya riƙe, Lawwali yana ciki yana shimfiɗa wa Inna katifa. Malam Jatau ya zo wucewa ya ce musu, “Nan gida ne, kowa ya saki jikinsa.” Tunau ya saki sanda, ya saki gwiwa, ya zube ƙasa kamar buhun da aka zazzage. Tanti ya rufto a kan Lawwali, aka ga ƙaton abu yana mutsu-mutsu a ƙarƙashin tamfol yana neman ƙofa. Tukur ya juya baya ya yi kamar tari ne ya sarƙe shi.

Wata rana da hantsi, ana shirin hawa dutse kallon tsuntsaye, aka bar Tunau ya tsare kayan abinci. Malam Jatau ya gargaɗe shi cewa birai sun yi yawa a wajen, kuma ba su da kunya. “Kada ka kuskura ka ba su fuska,” in ji shi. Tunau ya ce ba zai ba su ba ko sun roƙa. Ana tafiya birai suka sauko. Da ya ga na farko ya zauna yana kallonsa, sai ya ɗauki bokitin wanka ya kife a kansa, ya riƙe shi da hannu biyu. Yana jin ana buɗe kwanuka, ana yaga leda, ana jan buhu, bai motsa ba. Da mutanen gida suka dawo suka tarar ba burodi, ba dankali, ba sukari, wani ƙaramin biri yana bisa reshe da ludayin Azumi. Tunau ya ɗaga bokiti ya ce wa Malam Jatau, “Ko gefen hancina ba su gani ba.” Ranar dai wasu ma'aurata daga Kaduna da ke tantin kusa ne suka ciyar da su da shinkafa da wake. Inna ta yi dariyar da ta daɗe ba ta yi ba, kuma tun daga ranar matar nan ta Kaduna ta zama abokiyar hirarta.

Wata rana kuma Inna ta ce da safe tana so a raka ta bakin tafki ta sha iska. Tunau ya tashi tun da asuba ya wanke kofuna biyu. A bakin ruwan ya tsaya yana kamfato iska da kofi ɗaya yana juyewa a ɗayan don ta huce, saboda Azumi ta taɓa gaya masa kada ya ba Inna abu da zafi. Masu kamun kifi suka tsayar da kwalekwalensu suna kallo. Inna ta karɓi kofin ta kai baki, ta ce ta ƙoshi, Allah ya yi albarka. Ragowar Tunau ya shanye don kada a yi asara.

Duk wannan ana yi, Lawwali da Tukur ba wanda ya ce wa ɗan'uwansa kanzil. In an kewaye wuta da yamma ana gasa masara, ɗaya na gabas ɗaya na yamma. Wata rana da sassafe, sanyi kamar zai tsaga ƙashi, Tukur ya kunna rediyonsa da ƙarfi a ƙofar tanti. Lawwali yana cikin bargo ya yi tsaki, ya ce shi dai yaron nan ya rasa wanda zai wanke shi tas ne. Tunau na kusa yana hura wuta. Ya ajiye mafici, ya ɗauki bokiti ya ɗebo ruwan tafki, ya ɗauko soso da sabulu. Tukur bai ankara ba sai ji ya yi an sheƙa masa ruwa tun daga ka, an riƙe shi da hannu ɗaya ana dirza da ɗayan. Ya yi ta fizge-fizge, amma ina, Tunau ya fi shi ƙarfi. Sai da ya cuɗa masa har bayan kunne sannan ya sake shi.

Da Tukur ya samu haƙoransa suka daina kaɗuwa, ya tambayi wanda ya sa shi. Tunau ya ce Yaya Lawwali ne. Nan wasa ya ƙare. Tukur ya ɗaure jakarsa, ya ce motar da ke kawo wa sansani kayan miya za ta koma gari kafin la'asar, da ita zai tafi, kuma ko ƙauyen ya koma zai tashi daga gidan gaba ɗaya. Inna ta yi magana, bai saurara ba. Ta koma ƙofar tanti ta zauna, ta ƙi cin abincin rana. Azumi na ba ta haƙuri, ita kuwa ta share ido da gefen zane ta ce, “Ni dai kafin in mutu, Allah ya kawo wanda zai haɗa mini kan yaran nan.” Ba wadda ta lura cewa Tunau yana bayan tanti yana faskare.

A duk sansanin wuri ɗaya ne iska ba ta kaiwa, a bayan wani falalen dutse inda rana ke bugawa. Bayan azahar Tukur ya je can ya kwanta jiran mota. Lawwali ma can ya saba kwanciya, kuma ya ƙi fasawa don kada a ce tsoro ya ji. Tun da ba mai son ganin fuskar wani, sai suka kwanta kai da kai, ƙafar wannan na kudu, ta wancan na arewa. Kowannensu na sanye da irin hular sanyin nan mai rufe kunne da wuya, wadda fuska kawai take bari. Ɗumin rana ya ratsa su, barci ya kwashe su.

Tunau ya aro basilla da zaren ɗinkin tamfol a wajen Malam Jatau. Ya durƙusa a hankali ya ɗinke hular Lawwali da ta Tukur. Da ya ga ana iya tuɓe hula, sai ya bi kowace ya ɗinke ta da wuyan rigar sanyin mai ita. Ya ja ya ji ta yi ƙarfi, ya koma faskarensa.

Da motar ta yi oda, Tukur ya zabura zai tashi, kansa ya ƙi zuwa. Lawwali ya ji ana jan kansa ya zaci biri ne, ya kai duka. Suka yi gware, suka mirgina, wannan ya ja nan, wancan ya ja can. Sai da suka gaji Lawwali ya ce, “Tsaya, Tukur. In na ce tashi, mu tashi tare.” Wannan ce maganar farko da ya yi masa tun rigimar ɗorawa. Suka miƙe a sunkuye, suka nufi tanti a karkace kamar raguna masu karo, mutanen sansani na biye da su suna dariya.

Suka roƙi Inna almakashi. Ta dube su sama da ƙasa, ta gyara zama a kan jakar da almakashin ke ciki, ta ce ta manta inda ta ajiye shi. Mota ta yi oda ta biyu ta tafi. La'asar ta yi, dole wannan ya zuba wa wancan ruwan alwala. Ana cikin haka Tukur ya ce, “Yaya, wallahi kanka nauyi ne da shi.” Lawwali ya ce ai shi ya sa ya kasa sauke maganar ɗorawa. Dariya ta ƙwace wa Tukur, ta kama Lawwali, suka yi ta yi har suka zube kan tabarma. A nan, kai a manne, suka yi maganar da suka kasa yi a tsaye. Suka bar wa Inna ɗorawar, kalwarta ta daddawarta ce. Sannan Inna ta tuna inda almakashi yake.

Da yamma 'yan'uwan uku suka ci tuwo a kwano ɗaya, Inna ta cinye nata har ta nemi ƙari. Tunau ne kaɗai ransa bai yi daɗi ba, don an warware masa aiki, ga shi ya yi ɗinkin da kyau. Ya roƙi Malam Jatau ya bar masa basillar, ya soke ta a aljihu ko da za a sake bukata.

Har yau a Ƙwarin Maɗaci, in mutum biyu suna cacar baki suka hango Tunau tafe, sai kowa ya cire hularsa ya riƙe a hannu, su gaisa tun kafin ya ƙaraso.