Na Sayo Katin Da Ya Fi Ƙarfin Akwatin Auta

Jiya da hantsi na tsinci kaina durƙushe a tsakar falo, sukurdireba a baki, gumi na tsiyaya, ina kokawa da kwamfutar 'yata kamar mai kayar da rago. Laifin layin mai ne, kuma zan yi muku bayani.

Shekaranjiya awa huɗu na shafe a layin, har mai motar gabana ya yi barci ya farka ya sake komawa. Zaman banza kuwa shi ke haifar da sayayyar banza. Ina latse-latsen waya na ci karo da tallan katin hoto, wato abin nan da ake sokawa cikin kwamfuta don hotunan wasa su fito tas, su daina daskarewa. Auta, 'yata mai aiki a kantin magani, ta shafe wata shida tana atisayen tseren motoci a kwamfuta, har ta kai zagayen ƙarshe na wata gasa da za a yi Asabar ɗin nan. Na sha jin tsakinta idan hoto ya tsaya mata cak a tsakiyar kwana. Ga shi ta tafi kwas na kwana uku. Na ce to, yau uba zai nuna shi uba ne.

Ina fita daga layi na biya gida, na zare tsohon katinta, na nufi kasuwa. Na ce wa mai shago ya ɗauko mini wanda ya fi kowanne girma. Ya tambaye ni wace irin kwamfuta ce, na ce baƙa ce. Ya buɗe baki zai ƙara tambaya, na ɗaga masa hannu irin na manya. Na bar masa tsohon a musaya, na rungumo sabon, ina tafe ina jin kaina.

Katin kuwa ya amsa sunansa: fanka uku, tsawon kamu guda. Matsalar kawai, ya ƙi shiga. Na karkata shi, na lallashe shi, na yi masa tsawa, amma hancinsa na tokare da gaban akwatin kwamfutar, saura yatsa biyu a waje. Da na leƙa kuma sai na ga bakin wuta biyu yake nema, kwamfutar kuwa waya ɗaya ta miƙo masa, ita ma ba irin tasa ba.

Ana haka maƙwabcina Dogo tela ya yi sallama, tef ɗin awo rataye a wuyansa. Ya dubi katin, ya dubi akwatin, ya tambaye ni ko na auna kafin in saya. Na ce abin zamani ai ba yadi ba ne. Ya ce shi ko hular jariri ba ya yankawa sai ya zagaya kai da tef. Sannan ya gyara tsayuwa ya ce, “Ashe, Malam, kai ma ɗan kwamiti ne.”

Maganar ta soke ni, don na san inda ya dosa. Bara waccan masu girma, iyayen tafiya, sarakunan yanke ƙyalle, Allah Ya ƙara wa almakashinsu kaifi, suka kawo wa asibitin unguwarmu injin ɗaukar hoton ƙashi. An kafa rumfa, an yi jawabi, an tafa. Da aka zo shigar da shi sai ƙofa ta ce ba da ita ba. Wutar da yake ci kuma ko unguwar gaba ɗaya ba ta taɓa ganin irinta ba. Aka kafa kwamitin bincike, ya zauna wata tara, ya gano cewa laifin ƙofa ne. Injin yana nan a baranda cikin tamfol, masu jinya na jingina da shi suna jiran layi, wanda ya karye kuma har yau sai ya hau mota zuwa wani gari. Ni ne na cika wannan shafi sau uku ina yi musu ba'a. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Sai da na ɗauko zarto zan rage wa akwatin gaba, mamansu Auta ta karɓe shi daga hannuna. Na saɓi kwamfutar sai shagon mai gyara, wata baiwar Allah da ba ta ɓata magana. Ta ce abu uku ake dubawa tun kuɗi na aljihu: tsawon katin da na akwati, ƙarfin abin da ke raba wa kwamfuta wuta da irin wayoyinsa, sai ko ƙwaƙwalwar kwamfutar za ta iya tafiya kafaɗa da kafaɗa da shi. Duk a rubuce suke a jikin kwali, in ji ta, minti biyar ya isa. Ni kuwa na faɗi jarrabawar a duka ukun. Na ruga wajen mai shago, ya ce kwalin da aka ɓare ba ya komowa, tsohon katin kuma tuni wani ya yi gaba da shi.

Da la'asar Auta ta dawo ta tarar da kwamfutarta ciki a buɗe. Na tanadi jawabi mai kyau, har da ƙofar da zan ɗora wa laifi, amma da na ga fuskarta sai ya gudu. Na faɗi gaskiya. Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Kunya ta kama ni irin wadda ban ji ba tun ina ɗan makaranta.

“Baba, na gode da niyyar,” in ji ta. “Amma ni ke zama gaban abin nan kullum. Me ya hana ka tambaye ni?”

Na sosa ƙeya. Girman kai ne, rawanin tsiya.

Ta ari tef ɗin Dogo, ta sa ni gaba muka koma wajen mai gyara. Suka auna, suka karanta kwalaye, ni kuwa aikina riƙe murfi. Mai gyara ta zare wani madaidaicin kati daga tata kwamfutar ta ara mata zuwa Asabar. Ya shige sumul, hoto ya kawo. Auta ta yi dariya ta ce in shirya, ni zan riƙa miƙo mata ruwa ranar gasa.

Hukuncin gida dai ya fito: an haramta mini taɓa sukurdireba sai abin da hali ya yi. Na karɓa hannu biyu. Takaicina ɗaya ne, a falona na yi wannan aika-aika. Da a ofis na yi ta, da yanzu an ƙara mini girma, an tura ni sayo wa jama'a jirgin sama.