An Killace Rijiya Don Kada Jemagu Su Yi Mura

Jemagu sun tafi, shinge yana nan. Wannan shi ne labarin rijiyar da ke ƙarƙashin babbar ceɗiyar Ɗantutture, ƙasar Kurfi, yau wata uku bayan murar da ta kwantar da mu a daminar 1957.

Jiya na tarar da maƙwabcina Malam Manu, makiyayi mai shanu goma sha ɗaya, yana tsaye da guga a wajen waya mai ƙaya. Ruwa yana taku goma daga gare shi. Shanunsa kuwa sai sun yi mil huɗu zuwa rafi, ɗaya har ta fara ɗingishi.

Ga yadda aka yi. Da mura ta yi tsanani, mutanen gari suka aika a kawo magani. Allah ya ja zamanin manya, ba su yi jinkiri ba: mota biyu suka zo ta hanyar Dutsin-Ma, da kwamiti, da kujeru. Magani ne kawai aka manta. Shugaban kwamitin, Mai Girma Uban Hatimi, ya ɗaga kai ya ga jemagu reto a rassa, ya sunkuyo ya ga mata suna tari a bakin rijiya, sai tausayi ya kama shi.

Ya nuna jemagu ya ce, "Idan waɗannan bayin Allah suka ɗauki murarku fa?"

Gogo Larai, mai ɗibar ruwa, ta ce, "Ranka shi daɗe, mu da muka riga muka ɗauka fa?"

Ya ce wannan aikin wani kwamiti ne.

Aka kewaye ceɗiya da waya, rijiya a ciki, sai an gano ko jemage yana kamuwa da murar mutum. Aka naɗa Manu mai sauraro, aka ba shi mazurari ya riƙa karawa a kunne ko zai ji atishawa daga sama. Shi kansa tari yake, saboda haka aka umarce shi in ya taso masa ya yi taku arba'in gabas tukuna.

Na tambaye shi, "Malam Manu, ka ji wani abu?"

"Na ji tarina. Na ji na Larai. Su kam kashi kawai suke mini a hula."

"Ka gaya wa manya?"

"Na faɗa. Sun ce in ƙara kasa kunne."

Manu ya kuma gaya musu tun ranar farko cewa jemagun nan baƙin damina ne, da an yanke gero za su tashi, haka suke tun zamanin kakansa. Aka gode masa, aka tuna masa shi mai sauraro ne, ba mai magana ba.

Aka yanke gero. Suka tashi.

Manu ya taka har Dutsin-Ma neman izinin buɗe rijiya. Amsa ta zo a rubuce, da hatimi biyu: ba za a cire shinge ba sai an kammala bincike, ba za a kammala bincike ba sai jemagu sun dawo. An ƙara da yabon cewa babu jemage ko ɗaya da aka ji ya yi tari, nasarar da ni ma nake taya manya murnarta.

Saura wata biyar damina ta faɗi. Saniyar Manu mai ɗingishi ta kwanta tun daren jiya. Mazurarin ma an aiko a mayar da shi.